Nisan Gari da Gari: Me Ya Sa Lissafin Sama Yake Saɓa wa Na Ƙasa?

Duk wanda ya taɓa shirin tafiya garin da bai sani ba ya san wannan ruɗani. Ka rubuta sunayen garuruwa biyu a waya kana neman nisan da ke tsakaninsu, wannan shafi ya ce maka kaza, wancan ya ce kaza, manhajar taswira kuma ta kawo nata daban. Ɗauki Oslo da Bergen, manyan biranen ƙasar Norway biyu. Wani zai ce maka kilomita 305 ne, wani ya ce 460 ne da 'yan kai. Bambancin amsoshin ya haura kilomita 150, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko miƙaƙƙen layi ya auna, wanda ba ruwansa da dutse ko kogi. Na biyu kwalta ya auna, da duk kwane-kwanenta. Jirgin sama yana cinye tafiyar a ƙasa da awa 1, mai mota kuwa sai ya shafe wajen awa 7 riƙe da sitiyari.

Tambayar "kilomita nawa ne?" ba ta cika ba sai an ƙara mata "ta ina?" Adadin sama siffar duniya ce take yanke shi, kuma ba ya motsi, yadda yake a zamanin kakanni haka yake yau. Adadin ƙasa kuwa aikin hannun mutane ne. Injiniya ya sa hannu a ciki, ɗan siyasa ya sa, mai riƙe da baitulmali ya sa, wani lokaci har soja. Shi ya sa yake raguwa ranar da aka buɗe gada, ya ƙaru ranar da aka rufe iyaka. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne ratar da ke tsakanin adadin biyu, don a cikinta ake karanta halin ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin garuruwan.

Mu fara da na sama. Duniya ƙwallo ce, kewayenta a layin ikweta kilomita 40,075. Tun wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya ƙiyasta wannan kewaye, kuma da nisan garuruwa biyu ya yi aikin: Iskandariyya da garin da ake kira Aswan a yau. Ya lura cewa ranar da rana take tsayawa cak a kan Aswan, inuwa a Iskandariyya tana karkacewa da kashi 1 cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan sau 50. Yanzu an juya lissafin. Mun san girman duniya, daga shi muke fitar da nisan garuruwa. Kowane wuri yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa: ɗaya na yadda ya yi arewa ko kudu da ikweta, ɗaya na yadda ya yi gabas ko yamma da layin Greenwich. Digiri 1 na kudu da arewa kusan kilomita 111 ne a ko'ina. Digirin gabas da yamma kuwa tsukewa yake yi in ana nisa da ikweta, har ya koma wajen kilomita 56 a daidai Oslo. Ka ba kwamfuta lambobi huɗun nan, kafin ka ƙifta ido ta fitar maka da nisa.

Sai dai miƙaƙƙen layi a kan ƙwallo yana da wani hali da ido bai saba da shi ba. Samu ƙwallon taswirar duniya, irin wadda ake ajiyewa a aji, ka samu zare. Danne bakin zaren da yatsa a kan New York, ka ja ɗaya bakin zuwa Madrid, ka ɗame shi sosai. Biranen nan biyu kusan a layi ɗaya suke, digiri 40 da ɗoriya arewa da ikweta, don haka hankali zai ce maka zaren gabas zai nufa sak. Za ka ga ya haura arewa, ya tanƙwaru kamar bakan maharbi, sannan ya gangaro Sifaniya. Wannan hanyar wajen kilomita 5,770 ce, wanda kuma ya nace sai ya bi gabas sak zai ƙara wa kansa kusan 170. Masana suna kiran hanyar zaren babbar da'ira, saboda in ka ci gaba da ita za ta zagaye duniya ta raba ta gida biyu daidai wa daida. In tafiya ta yi tsawo, ribar takan kai dubban kilomita, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles yake ratsawa ta kusa da ƙuryar arewa ta duniya, a kan ƙanƙara. Da wannan lissafin ne ma Musulmin da ke New York yake fuskantar arewa maso gabas in zai yi salla, alhali a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da shi.

Taswirar bangon ce take rikita mu. Ba a shimfiɗa fatar ƙwallo a kan tebur sai an yage ta ko an ja ta. Taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, wadda irinta ce har yau a yawancin wayoyi, ja ta zaɓa, domin matuƙan jiragen ruwa su riƙa karanta shiyya ba tare da wahala ba. Ta biya musu buƙata, amma ta kumbura ƙasashen da ke nesa da ikweta, har Greenland ta yi kama da girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Fasinjan da ke kallon ɗan allon da ke bayan kujera, ya ga layin jirgi ya lanƙwashe, sai ya zaci matuƙi zagaye yake yi da su. Lanƙwasasshen layin nan shi ne gajeriyar hanya. Wanda kuma ya ɗora rula a kan irin wannan taswira don auna doguwar tafiya, amsar da zai samu ba abin dogaro ba ce.

Akwai wata tambaya da mutane ba su cika yi ba: daga ina a cikin garin aka fara awo? Gari ba ɗigo ba ne. Shi ya sa tun da daɗewa birane suke kafa wurin da ake fara ƙirga. Sarki Augustus ya kafa ginshiƙin awo a tsakiyar Rum a shekara ta 20 kafin haihuwar Annabi Isa. A Landan, daga Charing Cross ake auna hanyoyi. A Faris akwai alama a daɓen da ke gaban cocin Notre-Dame, a Madrid akwai ta a dandalin Puerta del Sol, a Tokyo kuma gadar Nihonbashi ce. Kamfanin jirgi kuwa daga filin jirgi zuwa filin jirgi yake auna nasa, kuma filayen nan ba a cikin gari suke ba. Filin jirgin Narita yana wajen kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo. Filin jirgin Frankfurt-Hahn a Jamus, duk da sunan da ya ɗauka, ya kai kilomita 120 daga Frankfurt. Wasu garuruwan ma ba su da filin: mai zuwa Makka a Jidda zai sauka, da sauran kusan kilomita 100 a gabansa ta ƙasa.

Sai a kula da ma'auni. Mil na ƙasa mita 1,609 ne, mil na teku kuma, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa suke aiki da shi, mita 1,852. Sau da yawa adadi biyu da suka yi kama da sun saɓa, ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

To, shin jirgin yana bin zaren nan daidai? Da wuya. Nisan da aka rubuta maka a shafin intanet mafi ƙarancin abin da zai yiwu ne, kuma shi ake riƙewa a takarda. Dokar Tarayyar Turai kan diyyar jinkirin jirgi, alal misali, da babbar da'ira take raba tafiye-tafiye zuwa na ƙasa da kilomita 1,500, da na tsakani, da na sama da 3,500. A sama kuwa labarin daban ne. Tsayin da jirgi yake hawa ba shi ne matsalar ba: a kilomita 11 sama da ƙasa, da'irar da yake bi ta fi ta ƙasa girma da abin da bai kai kilomita 10 ba a tafiyar kilomita 5,000. Abin da ke ƙara nisa shi ne sararin samaniya ma yana da hanyoyinsa da mahaɗarsu. Jirgi yakan tashi yana fuskantar iska ko da ba can ya nufa ba, sai ya juyo. Masu kula da zirga-zirgar jirage sukan sa shi ya yi ta kewaye a saman gari in titin sauka ya cika. In hadari ya haɗo, kauce masa ake yi.

Ga kuma iska. A tsayin da jirage ke tafiya akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wanda saurinsa kan haura kilomita 200 a awa, musamman a lokacin hunturu. Mai zuwa gabas yana neman ya faɗa cikinsa, mai zuwa yamma yana neman ya kauce masa, ko da kaucewar za ta ƙara masa kilomita. Shi ya sa ake zana hanyoyin ƙetare arewacin Tekun Atlantika sabbi sau 2 a kowace rana. New York zuwa Landan kusan awa 7 ce, dawowa kuma kusan 8, a nisa ɗaya. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya yi tafiyar New York zuwa Landan a awa 4 da minti 56, injinsa bai ƙara ƙarfi ba, iska ce ta tura shi.

Tsaron rai ma yana lanƙwasa hanya, kuma a nan hanyar lafiya a bi ta da shekara. Daga 1953 dokar Amurka ta hana jirgi mai inji 2 yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu. Da injuna suka ƙara inganci, aka sassauta zuwa minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988, kuma kowane sassauci ya miƙar da hanyoyin ƙetare teku. Har yau yawancin jiragen dogon zango suna kauce wa tudun Tibet. Dalili shi ne, in iskar cikin jirgi ta zube dole a sauko zuwa wajen mita 3,000 don mutane su iya numfashi, shi kuwa tudun tsayinsa ya haura mita 4,000.

Na ƙarshe siyasa. Kafin Fabrairun 2022, jirgin kamfanin Finnair daga Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo yana ratsa Rasha ya isa a wajen awa 9. Da Rasha ta rufe sararinta ga jiragen Tarayyar Turai, tafiyar ta koma wajen awa 13. Katar ta ɗanɗani irin wannan daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021, lokacin da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka rufe mata sararinsu, jiragenta suka koma zagayawa ta Iran.

Duk da haka, ƙarin da jirgi yake yi a kan miƙaƙƙen layi, in ba irin wannan rikici ba, ɗan kaɗan ne. A ƙasa ne abin yake buɗewa.

Masu harkar jigilar kaya suna da wani lissafi mai sauƙi: raba nisan hanya da nisan miƙe, abin da ya fito shi ne yawan zagayen hanyar. A yawancin wurare amsar tana faɗawa tsakanin 1.2 da 1.4. Faris zuwa Marseille, kilomita 660 a miƙe, 775 a kwalta, wato 1.17, domin hanyar ta samu kwarin kogin Rhône ta bi shi kudu. Landan zuwa Edinburgh, 535 da wajen 650. New York zuwa Los Angeles, kusan 3,940 da wajen 4,500, abin da bai kai 1.15 ba, doguwar tafiya a ƙasa mai manyan hanyoyi takan haɗiye ƙananan kwane-kwane. Oslo zuwa Bergen kuwa 1.5 ne. Bogota zuwa Medellin a Kolombiya ya kai 1.7: kilomita 240 a sama, wajen 415 a ƙasa. Da ganin wannan adadi ka san akwai dutse, ko ba ka taɓa taka ƙasar ba. Hanyar tana gangarowa daga Bogota mai tsayin mita 2,600, ta sauka har kwarin kogin Magdalena, sannan ta sake kama hawa.

Me ya sa dutse yake tsawaita hanya haka? Dubi tirela ɗauke da kaya tana hawan tudu. Direba ya sauko giya ta biyu, inji yana gurnani, hayaƙi yana tashi, motoci sun yi jerin gwano a bayansa, yaron mota yana leƙen taya. Wannan a hawan da bai wuce mita 6 ko 7 a kowace mita 100 ba ke nan. In aka tsananta hawan, motar ba za ta hau ba, in kuma gangara ce birki zai yi zafi ya saki. Don haka injiniya ba shi da zaɓi sai ya shimfiɗa hawan a kan tsawo. Hanyar da za ta hau mita 1,000 a kan mita 6 cikin 100 tana buƙatar kusan kilomita 17, ko da ƙwanƙolin dutsen yana nan kusa, kana hangensa. Kilomita 17 ɗin nan dole a samar musu wuri, sai a naɗe su a jikin dutsen kamar maciji, kwana bayan kwana. Kowace kwana kuma tana rage gudu, ga nisa ya ƙaru, ga tafiya ta yi nawa.

Ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa hanya ba ta miƙewa sak, saboda ba don garuruwa biyu kaɗai ake gina ta ba. Tana ratsewa ta taɓa wannan gari, ta ɗebi wancan, ta nemi inda kogi ya tsuke don gada ta yi araha, ta kauce wa fadama da ƙasa mai zaftarewa. Da yawa daga manyan hanyoyin duniya a kan sawun tsofaffin hanyoyin fatake aka shimfiɗa su, waɗanda ruwan sha da wurin yada zango suka tsara su tun ba a san mota ba.

Ruwa shi ne babban mai raba lissafin biyu. Helsinki da Tallinn, babban birnin Estoniya, kilomita 80 ne tsakaninsu ta teku, jirgin fito yana yi a wajen awa 2. Wanda ya ce sai ta ƙasa zalla, sai ya zagaya ta St. Petersburg a Rasha, tafiyar da ta haura kilomita 700, kuma ita ma ta toshe da Finland ta rufe mashigan iyakarta da Rasha a ƙarshen 2023. Kinshasa da Brazzaville manyan biranen ƙasashe biyu ne masu kallon juna, kogin Kwango kawai ya raba su, 'yan kilomita kaɗan, amma babu gada. A irin waɗannan wurare sai an duba da kyau, domin manhaja takan haɗa tafiyar jirgin fito cikin abin da ta kira nisan mota, ba ta kuma lissafa awannin da za a yi a layi a bakin ruwa.

Wasu wuraren ma nisan hanya babu shi sam. Juneau, babban birnin jihar Alaska ta Amurka, babu titin da ya haɗa shi da sauran nahiyar. Iquitos a Peru, birni mai ɗaruruwan dubban mutane a tsakiyar dajin Amazon, ta kogi ko ta sama ake shigarsa. Babbar hanyar da ta ratso nahiyar Amurka daga arewa ta tsaya a garin Yaviza na Panama, ba ta sake ci gaba ba sai a Kolombiya, bayan kusan kilomita 100 na daji da fadama da ake kira Darien.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne nisan da iyaka ta haifar. Oujda a Maroko da Tlemcen a Aljeriya ba su kai kilomita 70 tsakaninsu ba, kuma akwai dangi a ɓangarorin biyu. An rufe iyakar ƙasa tun 1994. A 2021 Aljeriya ta rufe sararinta ga jiragen Maroko. Mai son zuwa jana'izar ɗan'uwansa a ƙetaren iyaka, tafiyar da mota za ta yi a awa 1, sai ya bi ta wata ƙasa ta uku, ya kwana a hanya. Babu shafin lissafin nisa da zai nuna maka wannan.

Amma kamar yadda mutum yake tsawaita hanya, haka yake gajarta ta. Gadar Sarki Fahad mai kilomita 25 ta haɗa Saudiyya da Bahrain a 1986. Ramin da aka haƙa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, kilomita 50, an buɗe shi a 1994, ana loda motoci a jirgin ƙasa su ƙetare a minti 35. Gadar Öresund ta haɗa Copenhagen ta Denmark da Malmö ta Sweden a 2000. A Janairun 2019 aka buɗe gadar Senegambiya a kan kogin Gambiya. Kafin nan, direban babbar mota daga Dakar zuwa Ziguinchor da ke kudancin Senegal ko dai ya yi kwanaki yana jiran fito, ko ya zagaye ƙasar Gambiya gaba ɗaya ta Tambacounda. Garuruwan ba su gusa ko taku ɗaya ba, amma nesa ta zo kusa.

Manhajojin waya kuma suna ƙara nasu bambancin. Tushen aikinsu dabara ce da Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa a 1959: a ɗauki hanyoyi kamar raga, kowace mahaɗa ƙulli, kowane yanki da nauyinsa, a nemo jerin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Abin lura shi ne nauyin da ake ɗorawa yawanci minti ne. Don haka abin da waya ta ba ka nisan hanyar da ta fi sauri ne a wannan lokacin, wadda kan iya ɗara gajeriyar tsawo. In cunkoso ya sauya, adadin ya sauya. Ka ce mata ta kauce wa hanyar da ake biyan kuɗi, ya sake sauyawa.

Wannan ya kawo mu ga abin da matafiyi yake nema a zahiri, wato lokaci daga ƙofa zuwa ƙofa. Madrid zuwa Barcelona kilomita 505 ne a sama, wajen 620 a ƙasa, mota awa 6. Tikiti zai ce maka jirgi awa 1 da minti 15. Zauna ka lissafa: minti 45 zuwa filin jirgi, minti 90 na layi da bincike da jira, minti 75 na tafiyar, minti 30 kafin a fito a ɗauki jaka, minti 40 zuwa cikin gari. Awa 4 da minti 40 ke nan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, sauka a filin jirgi ma haka. Jirgin ƙasa mai gudu da ya fara aiki tsakanin biranen a 2008 yana ɗaukar mutum daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan a awa 2 da rabi, kuma ya janye fasinjoji masu yawa daga sama. Faransa ta kai abin ga doka a 2023, ta hana gajerun tafiye-tafiyen jirgi daga filin Orly na Faris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon, inda jirgin ƙasa ke isa a ƙasa da awa 2 da rabi.

Ƙiyasin da nake yi wa jirgin sama shi ne a raba nisa da 800, a ƙara rabin awa na tashi da sauka, sannan a ƙara wajen awa 3 na abin da ke ƙasa. Awa 3 ɗin nan ba sa raguwa komai kusancin gari, shi ya sa jirgi ba shi da riba sosai a gajeriyar tafiya mai kyakkyawar hanya, amma a doguwa ba a haɗa su. New York zuwa Los Angeles awa 6 ce a sama. A ƙasa awa 40 ce da ɗoriya ta tuƙi zalla, kuma jikin mutum ba inji ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa 4 da rabi. Da wannan ma'auni, tafiyar kwana 5 ce.

Kada dai a ɗauka akwai wani adadin kilomita da daga shi jirgi ke fara riba. Kathmandu zuwa Pokhara a Nepal kilomita 200 ne kacal a mota, amma hanyar duwatsu ce mai cin awa 6 zuwa 8, jirgi kuwa bai kai rabin awa ba. A nan ne nake jin tsoron adadin miƙe a hannun mai mota. Mutum ya ga 240, irin na Bogota zuwa Medellin, ya raba da 100, ya ce awa 2 da rabi, ya tashi bayan la'asar da iyalinsa, bai cika tanki ba. Dare ya riske shi a kan dutse da rabin tafiya a gabansa, gajiya ta kama shi, ya fara sauri a inda bai kamata ba. Kuskuren tun a gida aka yi shi, lokacin da aka karanta adadin sama a matsayin na ƙasa.

Mai tikitin jirgi kuma ya kula da agogo, domin lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubuta shi. Jirgin da ya bar Landan ƙarfe 10 na safe ya sauka New York ƙarfe 1 na rana, awa 8 ya yi, biyar sun ɓuya a bambancin agogo.

Ko Oslo da Bergen da muka fara da su, 460 ɗin nan ta lokacin da hanya take buɗe ce. Gajeriyar hanyar tana haye tudun Hardangervidda, inda in ƙanƙara ta tsananta akan rufe ta, ko a tara motoci su bi bayan motar share ƙanƙara a jere. A irin wannan rana direbobi da yawa sukan karkata arewa su bi ta ramin Lærdal, mai tsawon kilomita 24.5, wanda aka huda a cikin dutse aka buɗe a 2000. Ta can, tafiyar tana iya haura kilomita 500.